Yadda Ake Kama Sojan Gona a Sabar Wasa Ba Tare da an Zalunci Mai Gaskiya Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin gasar Free Fire ko PUBG Mobile a nan Garwa, arewacin Kamaru, ya san irin daren da nake nufi. An kai wasan ƙarshe, sai wani yaro da kowa ya san hannunsa, wanda makon jiya ko saiti bai iya ba, ya tashi yana kwantar da mutane kamar mai girbin gero. Sunansa ne a allo, hotonsa ne, amma yatsun na wani ne. Kafin a yi sallama zauren WhatsApp ya kama da wuta. Wannan na rantsuwa, wancan na neman a biya shi forfe, wato datar intanet, da ya ƙona. Kai kuma mai ɗaki ga ka tsaye, babu hujja a hannunka, babu rubutacciyar dokar da za ka nuna. Haka ta faru da mu, kuma a daren nan ƙungiyoyi uku suka fice, har yau ba su dawo ba.

Tun daga ranar na duƙufa koyon aikin, a ɗakunan gasar waya da kuma 'yar sabar Minecraft da muke haya, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a can nesa tana karɓar 'yan wasanmu. Abin da na fahimta shi ne, kusan duk aikin a bakin ƙofa yake. Idan kowane asusu yana ɗaure da mutum guda wanda wani ya sani, sauran ya zo da sauƙi. Idan ba haka ba, kullum a cikin zato za ka kwana.

Fara sanin wanda kake nema

Ɗan wasan bogi iri-iri ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Akwai bot, manhajar da ke shiga wasa tana motsi kamar mutum alhali babu kowa a bayanta. Akwai asusu na biyu: wanda aka kora ya sake riga ya dawo, ko gwanin da ya buɗe sabon asusu don ya faɗa gasar 'yan koyo ya kwashe kyauta, ko mai shigo da asusun banza ya ajiye shi kusa yana harbinsa don tara maki. Akwai sojan haya, wanda ya fi addabar mu a nan arewa. Mutum ya yi rajista da sunansa, ya tura wa wani gwani a Duwala ko Njamena mabuɗin asusunsa, a buga masa, su raba abin da aka ci. Na huɗun daga gidan mai saba yake fitowa, wato ƙidayar ƙarya, a nuna mutum 60 ne a ciki alhali bakwai ne. Zan zo kansa a ƙarshe.

Bot ɗin da kamfanin wasa ya saka da kansa, ka cire shi daga lissafi. PUBG Mobile kan cike gurbin mutum 100 da irinsu a wasannin masu ƙaramin matsayi don sabon shiga ya samu abin harbi. Huruminka ya tsaya ga ɗakin da ka buɗe da hannunka da sabar da kake biyan hayarta.

Mataki na 1: rubuta doka tun kafin a buɗe rajista

Tun ran gini, tun ran zane. Dokar da aka ƙirƙiro bayan laifi ya auku, ko da daidai ce, za a ce son kai ne. Ka rubuta ta gajera, kada ta wuce abin da allon waya zai ɗauka ba tare da an ja ba. Tamu ta ƙunshi cewa mutum ɗaya asusu ɗaya. Mai asusu shi zai buga da hannunsa. Ba a shiga gasar waya da kwamfuta ta hanyar manhajar kwaikwayon waya irin GameLoop. Alƙalin wasa na iya kiran kowa ta bidiyo a kowane lokaci kuma dole a ɗaga cikin minti biyar. A gaban kowane laifi an rubuta hukuncinsa.

Ka fitar da ita da Hausa da Faransanci, sannan ka karanta ta a saƙon murya, har da Fulatanci, domin a Garwa da Marwa shi ne harshen titi. Idan kana da 'yan Kuseri da Njamena, nemi mai Larabcin Shuwa ya karanta musu. Kowa ya amsa da "na yarda" tare da lambar asusunsa, ka adana amsar.

Abin da mutane ke mantawa shi ne buɗe halastacciyar hanya ga mai uzuri. A nan kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa ba sallama, kuma a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, waya ta yi zafi ta mutu a hannunka tsakiyar wasa. Don haka kowace ƙungiya ta yi rajistar ɗan canji guda tun farko, kuma wanda wayarsa ta mutu yana iya aron wata muddin ya sanar da alƙali kafin ya shiga. Dokar da ba ta yi wannan tanadi ba, ita da kanta take koya wa masu gaskiya bin ta bayan gida.

Mataki na 2: rajistar da ke ɗaure asusu da mutum

A nan nake so ka fi daɗewa.

Kada ka yarda da suna. Ana canza suna da kati a Free Fire da PUBG Mobile, kuma ana kwaikwayonsa cikin sauƙi: babban baƙin I a madadin ƙaramin l, sifiri a madadin O. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar asusu, wadda 'yan wasa ke kira UID. A Minecraft kuma UUID ce, a wasannin Steam SteamID. Ita za ka rubuta a layin farko. Bayanta sunan wasa, lambar WhatsApp, gari da kartiye (unguwa), ƙirar waya, hoton allon shafin mutum mai nuna matakinsa, da hoton yadda ya jera maɓallansa na wasa. Wannan na ƙarshen zai yi maka rana, za ka gani. Asusun baƙo, wanda ba a haɗa shi da Facebook ko Google ba, kada ka karɓa. Ka kuma sa mafi ƙarancin matakin da asusu zai kai kafin ya shiga, domin wanda aka kora jiya kada ya buɗe sabo yau da safe ya shigo da yamma.

Sai tabbatarwa. Ka ba mai rajista wata kalma da ka ƙirƙira nan take, misali "kilishi47", ka ce ya rubuta ta a gurbin bayanin kai na shafinsa na minti goma. Kai kuma ka nemo shi da lambarsa a cikin wasan ka duba. Wannan ya nuna mabuɗin asusun yana hannunsa. Bayan haka a yi ɗan kiran bidiyo na rabin minti, ka ga fuska, ka ga hannun da ke riƙe da wayar da shafin a buɗe. Ba sai ka naɗa ba, ka dai rubuta cewa an yi, da ranar. Idan akwai 'yan mata a cikin 'yan wasanka, mace ce za ta yi musu wannan kira. Ka nemi wadda aka yarda da ita cikin alƙalai, in ba haka ba iyaye za su hana su, kuma suna da gaskiya.

Katin shaidar ɗan ƙasa kuwa, kada ka nema. Ba ka da inda za ka adana shi lafiya, kuma yawancin yaran ma ba su kai shekarun mallakarsa ba.

Abin da ya fi duk wata manhaja yi mana aiki, daga kasuwa muka aro shi. Je ka kasuwar shanu irin ta Adumri ka ga yadda baƙo ke ciniki: sai da dillalin da ya san shi, wanda zai tsaya masa in magana ta taso. Mu ma muka ce babu sabon shiga sai da mai tsaya masa, tsohon ɗan zaure wanda ya yi aƙalla wata uku ba a kama shi da komai ba. Mutum ɗaya ba ya tsaya wa fiye da uku a wata. Idan wanda ka kawo ya yi sojan gona, kai ba za a kore ka ba, amma ka rasa ikon kawo wani har wata uku, kuma za a rubuta. Za ka yi mamakin yadda yara ke tace abokansu da kansu idan sunansu na ciki.

Masu ƙwallon ƙafa ma a ƙofa suke tarewa. Daf da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta yankin Afirka ta Tsakiya a farkon 2023, hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta yi wa yaran gwajin hoton ƙashin hannu na MRI don gano shekarunsu na gaskiya, 21 cikin 30 suka faɗi. An ji kunya, amma an ji ta kafin a busa usur, ba bayan an ɗaga kofi ba.

Mataki na 3: kulle ƙofar da kanta

A ɗakin gasar waya, lambar ɗaki da kalmar sirri kada su taɓa shiga babban zaure. Ka tura wa kyaftin-kyaftin kai tsaye, minti goma kafin wasa, kuma ka canza kalmar a kowane zagaye. Kowace ƙungiya ta san lambar gurbinta tun da rana. Kafin ka danna farawa, kai da wani alƙali ku bi gurbi-gurbi kuna taɓa kowane suna kuna gwada lambarsa da ta rajista. Minti biyar zai ci, kada ka yi ƙyashinsu. Wanda ba ya cikin littafi ka fitar da shi, ko ɗan gidanku ne. Gurbin 'yan kallo na alƙalai ne kaɗai, saboda ɗan kallo na ganin inda kowa ya ɓuya, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya sayar da wasan. In kuna watsawa kai tsaye, ku sa jinkiri. Manhajar OBS na da wurin saita shi.

A Minecraft na kwamfuta, komai na cikin fayil ɗin server.properties. Layin online-mode=true shi ke sa saba ta tambayi kamfanin wasan ko asusun na gaske ne kafin ta buɗe. Ka haɗa da white-list=true da enforce-whitelist=true, sannan ka riƙa shigar da wanda ya gama rajista da umarnin /whitelist add da sunansa. Na san da yawa a nan kan kashe layin farkon don yaran da ba su da asusun saye. To ka san abin da ka saya: da zarar ka kashe shi, kowa na iya shigowa da kowane suna, har da naka na mai iko, kuma jerin waɗanda aka yarda da su ba zai tare shi ba tunda suna kawai yake dubawa. A irin wannan saba dole ka saka ƙarin manhaja irin AuthMe mai neman kalmar sirri a kowace shiga, kuma kada ka bar kowa a ops.json, wato jerin masu iko, sai wanda ba makawa. Idan sabarka na aiki da manhajar Paper ko Spigot, akwai connection-throttle a bukkit.yml, wanda ke zuwa a kan milisakan 4000, yana hana adireshi ɗaya shiga-da-fita a jere. Ranar da ka ga sunaye marasa ma'ana suna tururuwa cikin daƙiƙu, harin bot ne. Ka buga /whitelist on nan take in ba a kunne yake ba, ka bar ƙura ta lafa. Ka kuma saka CoreProtect tun ranar farko, domin yana rubuta wanda ya fasa ko ya ɗora kowane tubali, kuma da /co rollback kana iya mayar da ɓarnar mutum guda ba tare da ka taɓa aikin sauran ba.

Masu shagon wasa da har yanzu ke riƙe da Counter-Strike 1.6, umarnin status a na'urar umarni zai jero muku kowa da lambarsa da jinkirinsa, kuma bot zai fito da kalmar BOT a gurbin lamba. Ana kulle saba da sv_password, ana kora da banid, a biyo da writeid don korar ta zauna ko an sake kunna saba. Sai dai a wasan cikin shago, inda kwamfutoci ke haɗe da waya ɗaya, sau da yawa lamba iri ɗaya kowa ke nunawa. A nan lambar kujera da idon mai shago su ne shaida.

Zauren ma ƙofa ce. A WhatsApp kunna amincewar shugaban zaure kafin sabon mutum ya shiga, ka sake mahaɗin gayyata duk lokacin da ya fita waje. A manhajar hira ta Discord ka ɗaga matakin tantancewa zuwa na ƙoli, wanda ke neman lambar wayar da aka tabbatar.

Mataki na 4: sa ido, ka tara hujja

Tun daga 2020 bot suka mamaye sabobin kamfanin Valve na wasan Team Fortress 2. Suna harbin kai ba kuskure, suna satar sunayen mutane, har suna haɗa baki su jefa ƙuri'ar korar 'yan wasa na gaske. 'Yan wasa sun yi gangami a 2022, suka sake a 2024, kafin kamfanin ya yi gagarumar shara a tsakiyar shekarar. A tsawon shekarun nan mutane da yawa sabobin jama'a suka koma, inda akwai mai gadi a farke. Darasi biyu na ɗauka: kada ka bar kora a hannun ƙuri'ar 'yan wasa, kuma kada a yi wasan gasa babu alƙali a ciki wanda shi ba ya bugawa.

Daga wasan kusa da na ƙarshe, kowa ya naɗi allonsa tun daga zauren jira har fitowar sakamako, ya ajiye na kwana biyu. Ba sai ya turo ba sai an nema, saboda forfe tsada gare shi. Wanda aka nema ya ce ya goge, ya faɗi wasan, kuma wannan ma yana cikin doka tun farko.

Mutum ya yi bajintar da ba a saba gani ba, wannan dalilin bincike ne, bai kai hujja ba. Yaro na iya samun sabuwar waya, ko ya yi hutun makaranta yana atisaye. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ga abin da ke da nauyi.

Na farko, kiran bazata tsakanin zagaye biyu. Wanda wani ke buga masa yakan ɗaga, amma ka ce ya nuna maka allon wayarsa yana cikin ɗakin. Ba zai iya shiga ba sai ya fitar da sojan hayarsa.

Na biyu, jerin maɓallai. Kowane gwani da yadda yake shirya allonsa, wani babban yatsa biyu, wani yatsu huɗu. Idan hoton rajista ya nuna shirin yatsu biyu, naɗin wasan ƙarshe kuma ya nuna na huɗu, ka sa ya shiga filin atisaye ya buga minti biyu da shirin nan, wani na ɗaukar hannunsa da wata wayar. Hannu ba ya iya ƙarya.

Na uku, jinkirin saƙo, wanda 'yan wasa ke kira ping. Daga Garwa zuwa Faris, babban birnin Faransa, ya haura kilomita 4,000, haske kuma a cikin zaren intanet kusan kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ba zai yi ƙasa da milisakan 40 ba ko da zaren a miƙe yake, ga shi kuwa ba a miƙe yake ba: sai saƙon ya gangara bakin teku wajen Duwala, Limbe ko Kiribi kafin ya kama hanya. Saboda haka idan sabarka na Faransa, wani kuma da ya rubuta Marwa a rajista yana nuna 15, wanda ke riƙe da asusun ba ya Marwa. VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, ƙara jinkiri take yi, ba ta rage shi haka.

Maganin da ya fi duka shi ne wasan ƙarshe ido da ido. Mu a wani shago a Yelwa muke yi, da tabarmi, da batirin sola, kowa da wayarsa a fili. 'Yan Ngaundere, Marwa da Kuseri kuma muna da wakili a kowane gari wanda suke taruwa a gabansa.

Mataki na 5: ka kiyayi toshe adireshin IP

Duk jagorar da za ka gani daga Turai za ta ce ka buga /ban-ip, wato ka toshe adireshin intanet da mutum ke shigowa da shi, ka huta. A ƙasarmu wannan zalunci ne, kuma ni na aikata shi kafin na sani. Wani ya rushe ginin mutane a sabarmu, na kore shi, ya dawo da wani suna, raina ya ɓaci na toshe adireshinsa. Washegari bayan la'asar wani yaro ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Yaya, don Allah laifin me na yi aka rufe ni? Gidan da na yi wata biyu ina ginawa yana ciki."

"Ƙanena, ba ka yi komai ba. Bari in duba, in sha Allahu kafin magariba ka shiga."

Da na duba logs/latest.log sai na ga yara huɗu daga kartiye daban-daban sun yi ta ƙwanƙwasawa ana mayar da su. Mai laifin kuwa tun daren ya dawo. Dalili shi ne kamfanonin waya kan raba adireshi ɗaya ga ɗimbin masu amfani da intanet na salula a lokaci guda, kuma wanda ya kashe layinsa ya kunna yakan samu wani adireshin. Na buga /pardon-ip, na bi yaran ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri.

Haka nan, asusu biyu a adireshi ɗaya ba ya nuna mutum ɗaya ne. Wa da ƙani na jan intanet daga waya guda, shagon wasa na da mutum goma a layi guda. Ka sa gurbi a rajista inda 'yan gida ɗaya za su faɗa tun farko. Kora ta bi lambar asusu da sunan da ke littafi.

Mataki na 6: ji ta bakinsa, sannan a yanke

Da hujja ta taru, ka dakatar da sakamakon, kada ka yi sanarwa. Ka kira mutumin a keɓe, ka nuna masa abin da ke hannunka, ka ba shi kwana guda ya kawo nasa. Masu yanke hukunci su zama uku, babu mai ƙungiya a gasar, babu ɗan'uwan wanda ake tuhuma ko na wanda ya kai ƙara. Mu mun sa wani malamin makaranta da ba ya wasa sam a cikinsu, kuma sau da yawa tambayarsa ce ke warware magana.

Hukuncinmu hawa-hawa ne. Asusu na biyu da ba a ci komai da shi ba, gargaɗi da rufe ɗayan. Sojan haya a gasa, soke sakamakon ƙungiyar duka da dakatarwar wata uku ga mai asusu, da kyaftin in ya sani. Maimaitawa, ko harin bot, kora. Wanda ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin a gama bincike, a rage masa rabi. Minecraft ba ta zo da korar wucin gadi ba, sai ka saka EssentialsX ka samu /tempban. A kowace kora rubuta dalili. Wanda ya yi amfani da manhajar maguɗi kuma ka kai rahotonsa ta maɓallin ƙara na cikin wasan, don kamfani kaɗai ke iya rufe asusu gaba ɗaya. Ka tuna wa yara cewa ba da aron asusu ko sayar da shi ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanonin kansu, kuma sau da yawa sojan hayar ne ke canza mabuɗi ya gudu da asusun.

Sanarwa ta zama layi biyu: lambar asusu, dokar da aka karya, hukunci. Babu hoton fuska, babu lambar waya, babu zagi. Kamaru na da dokar laifukan intanet tun Disamban 2010, ta kuma yi ta kare bayanan mutane a Disamban 2024, Cadi ma na da tata tun 2015. Ko babu doka, yaron nan gobe za ku haɗu a sahu ɗaya. In ƙaramin yaro ne, yayansa ko kawunsa za ka samu cikin mutunci, ka fara da gaisuwa, kada ka tara masa jama'a.

Mataki na 7: kyauta ta bi littafi

Kada a biya a daren wasa. A jira kwana guda don mai ƙorafi ya kawo. Kuɗin ya tafi lambar da aka rubuta ranar rajista kaɗai, ko MTN Mobile Money ce ko Orange Money, ko Airtel Money da Moov Money ga 'yan Cadi. Ka duba sunan da ya fito kafin ka tabbatar. Layukan yara da yawa da sunan iyaye aka yi su, don haka a rubuta sunan mai layin tun farko. "Tura wa abokina, layina ya samu matsala" magana ce da ba a karɓa.

A nan ina da shawara. Malamai da dama na ganin gasar da kowa ya zuba kuɗi ɗaya ya kwashe a matsayin caca. Mu mun daina karɓar kuɗin shiga. Wani mai shagon waya ke ba da kyauta, abin sauraro ko batirin caji ko forfen wata, mu kuma mu ambaci shagonsa. Iyaye sun saki jiki, kuma sojan haya ya ragu da kansa, don abin sauraro ba ya rabuwa biyu a tura rabi Duwala.

Mataki na 8: doka ta fara ta kanka

Mai dokar barci kada ya ɓuge da gyangyaɗi. Akwai ƙarin manhajar da ke sa saba ta nuna adadin da babu shi, don ta hau saman jerin sabobi. An taɓa ba ni shawarar in saka, wai kowa na yi, kuma mutane ba sa shiga gidan da babu kowa. Na ƙi, kuma ina roƙonka ka ƙi. Yaro ya sayi forfe da kuɗin da ya tara, ya ga 60, ya shiga ya tarar da kufai. Algus ne, irin na mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baza busasshe a sama, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani da shi. Kuma ranar da 'yan wasanka suka gano, da /list kawai za su gano, ba ka da sauran bakin tuhumar kowa.

In kana son bot don atisaye ko cike gurbi, saka su a fili. Sunan kowanne ya fara da BOT, kada su shiga ƙidaya, kada su shiga teburin maki, kuma su fita da zarar mutane sun cika. Alƙalai ma su yi rajista kamar kowa, asusun iko daban da na wasa, kuma duk umarnin iko da aka buga wani alƙalin na iya dubawa.

Matsalar saba fayau kuwa da sa lokaci ake magance ta. Mu Juma'a da Asabar bayan isha'i muka tsayar, sai Lahadi bayan la'asar, a sanar a zaure tun da safe, kowa ya yi cajin wayarsa kafin kuran ya tafi. A ƙarshen kowane wata nakan cire wanda ya yi wata uku bai shigo ba daga whitelist.json, in kwafe shi tare da banned-players.json da littafin rajista zuwa wata ma'ajiya da ba ta kan saba, in kuma ba alƙali na biyu kwafi. Ranar Talata da rana sabarmu mutum uku take nunawa, wani lokaci biyu. Daren Asabar takan kai ashirin da 'yan kai, kuma kowannensu na san kartiyensa da wanda ya tsaya masa.